Ƙotar Bindigar Mode

Sakkwato, watan Rabi'ul Awwal, 1338

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Zulaihatu zuwa ga taubashiyata kuma aminiyata Mariyatu, a Gwandu. Gaisuwa mai yawa da so da bege. Ina fatan kina lafiya, ke da Malam Hayatu da yara, kamar yadda muke nan cikin rufin asirin Allah. Ki yi haƙuri da wannan rubutu mai kama da tonon kaza. Kin dai san wadda ta sakar mini taɓarya a hannun dama ran da muke koyon daka a gidan Inna. Har yau yatsan a karkace yake, alƙalami ba ya zama a hannuna yadda ya kamata. Na yafe miki, amma ban manta ba.

Bayan haka, kin aiko Sodangi mai jakai ya tambayi shinkafa. Babu shinkafa, Mariyatu. Fadamar nan da Inna ta bar mini a bakin gulbi ta yi kyau bana, har mutane na tsayawa kallo, sai tsuntsaye suka sauka mata tun ba ta ƙosa ba. Hasbiya da kurciya da rana, kirinjijiya da sassafe. Kowace gona da mai tsaronta, tamu ce babu. Maigida Mode ya je da majajjawa, amma kin san hannunsa na dama ya shanye tun da ya dawo daga ɗaukar kaya a yaƙin Jamus, jifar hagu kuwa ba ta zuwa ko'ina. In ya buɗe baki zai yi ihu, tari ya riga shi. Abin da muka kwaso ba zai kai mu damina ba.

Wansa Maigandi ya zo daga Wamakko da damman dawa, Allah Ya saka masa. Da zai tafi ya ce in baɗi ma haka aka yi, a ba shi ’yarmu Lami ya haɗa da nasa ’ya’yan, mu rage baki. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma biyu na binne kafin Allah Ya bar mini wannan, kuma tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba.

Akwai bindigar nan da Baturen da maigida ya yi wa hidima ya ba shi ran da suka rabu. Ba ki taɓa ganin irinta ba. Ba ta cin albarushi, iska take ci. Ana karya ta a tsakiya, a sa mata ɗan harsashin darma kamar ƙwayar wake, a mayar, sai ta ce tas. Abin da ya wuce zabo ba ta iya masa komai, shi ya sa dogarai ba su damu da ita ba. Sai dai an yi ta ne don dogon mutum mai hannu biyu. Ƙotarta, wato itacen da ake jinginawa a kafaɗa, ta yi kaurin cinyar rago. Maigandi ya ɗaga ta, ta zauna masa kamar shi aka auna, ya kaɗo hasbiya daga kan durumin ƙofar gida. Ya shafa ta ya ce, “In ka gaji da ita, ka san gidana.”

Washegari maigida ya je wurin maƙwabcinmu Na'Allah masassaƙi ya aro gizago da magagari. Wai zai rage wa ƙotar nauyi har ya iya ɗaga ta da hagu, kafin shinkafar baɗi ta fitar da kai. Na daɗe ban ga fuskarsa ta saki haka ba, don haka na bar shi.

Ki gaishe da Malam da kowa da kowa. Ki sa mu a addu'a. Haza wassalam.

Taki,
Zulaihatu

Sakkwato, watan Jimada Sani, 1338

Zuwa ga Mariyatu, bayan gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara, yaya ƙafar Malam da kika ce tana damunsa? Daddawar da kika aiko ta iso, na gode, ko da yake har yanzu hannunki bai kai na Inna ba.

Gidanmu ya zama gidan masassaƙa. Kullum in rana ta ɗaga sai maigida ya shimfiɗa buzu a inuwar rumfa, ya maƙale ƙotar tsakanin tafin ƙafafunsa, ya kama sara da hagu. Da fari gizagon na kuskure, har ya tsaga babban yatsan ƙafarsa, daga baya hannun ya saba. Itacen ba maɗaci ba ne, ba ƙirya ba, wani ne mai duhu na ƙasarsu, yana da ƙanshin da ban san shi ba. In ya gaji da sara sai ya koma magagari, in ya gaji da magagari sai ya kankare da fasasshiyar kwalba. Lami na kwashe ɓawon da ke faɗuwa tana yi wa ’yar tsanarta ɗan kunne.

Ya fafe gefe guda, inda kuncinsa na hagu zai kwanta. Gindin ƙotar kuwa ya sa ƙarfe a wuta ya yi ja, ya ƙona masa rami mai zurfi, yadda ake huda ƙotar hauya. Hayaƙin ya tayar masa da tari har na ce ya bari, ya ce saura kaɗan. In kika ɗauke ta yanzu sai ki rantse ba ita ba ce.

Ran Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, ya ce a kafa sakaina a jikin katanga. Ya sa sabuwar riga don wannan, Mariyatu. Ya dafe gindin da ƙafa ya ɗana ta da ƙyar, ya ɗaga, ya kai kafaɗa. Sai bakin bindigar ya sunkuya ƙasa. Ya sake ɗagawa, ya sake sunkuyawa. Ashe nauyin nan na baya da ya yi ta sassaƙewa shi ke riƙe da nauyin ƙarfen gaba. Kin ga jaki in aka zazzage mangala ɓangare guda, to haka ta zama. Da yana iya riƙe ta ya yi numfashi biyu uku, yanzu ko ɗaya ba ya iyawa. Da ya matsa kunamar, harsashin a ƙasa ya faɗa, ko rabin hanya bai kai ba.

Na'Allah ya ce tun farko ya hango haka, amma ya ga ba a tambaye shi ba. Gaskiyarsa, don maigida in ya sa kai ko limamin gari bai isa ba.

Bai yi faɗa ba, bai zagi kowa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya tuɓe rigar ya ninke, ya rataye bindigar a bayan ƙyaure, ya kwanta fuskarsa na kallon bango. Na shiga madafa na hura ɗanyen itace don in sami abin da zan ɗora wa laifin idona. Ba shinkafar kaɗai nake wa kuka ba. Mutumin nan da ƙafarsa ya je Kamaru ya dawo, yau ga sakaina ta gagare shi a tsakar gidansa.

Ki roƙi Malam ya rubuto mana abin sha don tarin nan. Wassalam.

Taki,
Zulaihatu

Sakkwato, watan Rajab, 1338

Zuwa ga Mariyatu. Gaisuwa da so da yarda. Ina fatan zafin nan bai tsananta muku kamar yadda ya tsananta mana ba. Rubutun Malam ya iso, an sha, Allah Ya ba da lada. Ba zan ɓoye miki ba, yanzu tarin da jini yake fita.

Yau da fushi nake rubuto miki, in ban faɗa miki ba wa zan faɗa wa? Bayan ya yi makonni bai ko dubi bayan ƙyaure ba, har na fara gode wa Allah, sai rannan na fito daga wanka na tarar ya sauko da ita. Wannan karon zarto ya aro, ya datse gindin ƙotar, ya rage mata tsawo. Ramin nan da ya sha hayaƙi kafin ya ƙona, ya narka darma ya zuba a ciki. A tona a cike, kin ji aikin mai gidana. Sannan ya juya ta ya kama fafe ɗaya gefen, inda kuncin dama ke kwanciya, shi da hannun damansa ko moɗa ba ya ɗauka. Na fara tsoron ciwon ya taɓa masa kai.

Ni kuma na zama baiwar bindiga. Ina tsakiyar daka sai in ji, “Zulai, taho ki riƙa mani wagga, hannuna ya gaji.” In ajiye taɓarya in zo. Ya shafe wuyan ƙotar da gawayi, ya ce in damƙe da ƙarfi tunda shi ba ya iyawa, in saki, sai ya bi inda gawayin ya goge yana kankarewa. Hannuna kullum baƙi ƙirin kamar na matar maƙeri. Ni ke ɗana masa ita, wai hannun da ya saba da taɓarya wannan ba komai ba ne. Har sakainar ni yake sa wa in harba, wai yana son ya tsaya a gefe ya ga ko ta miƙe. In na rufe ido ya yi mini tsawa, in na riƙe numfashi ya ce haka ake yi. Ki dubi abin kunya, Mariyatu, mace da bindiga. Sai na tura ƙyauren zaure nake yarda, kada matar Na'Allah ta leƙo in zama abin hira a bakin rijiya.

Maigandi ya zo dubiya. Da ya ga abin da ya saura na ƙotar sai da ya dafe kai, ya ce, “Mode, mi kay yi ma bindigag ga? Ka kashe ta.” Maigida ya yi ta dariya har tari ya kayar da shi, ni ban ga abin dariya ba. Da ma ita kaɗai ce abin da za a kalla a gidan nan a ce dukiya.

Da baƙo ya tafi na amayar wa maigida da abin da ke cikina. Na ce ba itace yake sassaƙewa ba, kwanansa yake sassaƙewa, kuma ko ya mayar da ita sillen kara ba zai iya ɗaga ta ba, gara ya kwanta ya huta mu san inda muka dosa da yarinyar nan. Ya daɗe yana dubana. Idanunsa sun faɗa, wuyansa ya zama kamar na ɗan tsako. Ya ce, “Bar ni in ƙare, Zulai. Ba ni da wani aiki da yah hi wanga.”

To na bar shi. Yanzu haka ina jin ƙarar kwalba a kan itace, yana yi yana hutawa, hutun ya fi aikin yawa. In da hali ki zo kafin azumi, ina tsoro.

Taki,
Zulaihatu

Sakkwato, watan Ramalan, 1338

Zuwa ga Mariyatu, bayan gaisuwa da barka da shan ruwa. Ina fatan kuna lafiya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san labari ya riga takardata. Maigida ya rasu a tsakiyar Sha'aban, bayan la'asar, a kan buzun nan nasa na inuwar rumfa. Ranar da safe ya ce in kawo masa man kaɗe, ya yi ta shafa wa ƙotar da tsumma har ta yi sheƙi. Ya ce saura wuri guda bai goge ba, zai ɗan kishingiɗa ya tashi. Na je na ɗora tukunya, na dawo na same shi tsumman na hannunsa. Ya cika da kalmar shahada, Na'Allah na kusa ya ji. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ciwon ya zama kaffara.

Kada ki damu da rashin zuwanki, na san halin da kike ciki da goyo. Ina cikin takaba. Bindigar na naɗe ta a tsohuwar tabarma na tura ƙarƙashin gado, ba na son ganinta. Ita ta cinye mini ɗan ƙarfin da ya rage masa.

Na sa an watsa iri a fadama da ruwan farko, don ban san abin da zan yi ba in ban yi haka ba. Maigandi ya ce ba zai tayar da maganar Lami ba sai an ga kaka. Kullum in na dube ta tana barci sai in ga kamar aro aka ba ni.

Ki yi masa addu'a a kwanakin nan masu albarka. Wassalam.

Zulaihatu

Sakkwato, watan Rabi'ul Awwal, 1339

Da sunan Allah. Zuwa ga taubashiyata Mariyatu. Gaisuwa mai yawa da bege. Yaya Malam, yaya yara, yaya mai sunan Inna, ta fara tafiya? Na daɗe ban rubuto ba, ki yafe ni. Na yi ta ɗaukar alƙalami ina ajiyewa.

Bari in faro miki daga rabon gado. Bayan sadakar arba'in malamin alƙali ya zo aka baje kayan mamaci a zaure, riguna da buzu da jakar fata da bindiga, ni ina jin su daga bayan asabari. Kowa ya san bindiga rabon maza ce, kuma kowa ya san wanda ke jiranta. Maigandi ya ɗaga ta ya kai kafaɗa, sai ta ƙi shi. Ta yi masa gajarta har babban yatsansa na taɓa hancinsa, wuyan ƙotar ya yi wa hannunsa siriri, idonsa ya kasa samun saiti. Ƙannensa biyu suka gwada, haka. Suka ce mamaci ya lalata ta da ciwo a kansa, Allah Ya gafarta masa. Da aka rasa mai so, sai aka jefa ta cikin tumunina. Na ji zafin abin, na ce wato abin da aka ƙi shi ne nawa. Na mayar da ita ƙarƙashin gado.

Na fita takaba, shinkafa ta fitar da kai, tsuntsaye suka dawo kamar an aika musu. Na je da gwangwani da tsumma a kan kara, suka mayar da ni abin wasa. Rannan na dawo muryata a dishe, na ce bari in kai wa maƙeri ƙarfen bindigar nan ko ya ba ni abin da zan ɗauki mai tsaro. Na warware tabarmar, na ɗauko ta. Ban san abin da ya sa na kai ta kafaɗa ba, sabo ne kawai.

Mariyatu, ta zauna. Gindin ya shiga kafaɗata, kuncina ya sami wurinsa, bakin bai sunkuya ba. Sannan na ji abin da ban taɓa lura da shi ba a duk kwanakin da nake riƙe ta ina ƙunƙuni. A wuyan ƙotar akwai gurbin yatsu, ɗaya daga ciki a karkace yake. Yatsan nan naki ya faɗa ciki daidai, kamar ƙafa a tsohon takalmi. Babu wani mai irin wannan yatsa a Sakkwato sai ni.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ran da aka fita da shi. Matar Na'Allah ta jiyo ta shigo, ta koma ta kira mijinta. Ya tsaya a bakin zaure ya ce shi ya sani tun ran da aka aro zarto, amma an sa shi ya yi alkawari. Wai ya ce wa mamaci ai wannan tsawo ba zai yi wa kowa ba, sai ya amsa masa, “In ta yi daidai da kahwaɗar namiji, namiji ka ɗaukar ta ran rabon gado.” Tun ran sakainar nan maigida ya san ba zai ga kaka ba. Ni kuwa ina tsaye a kansa ina ce masa ya kwanta ya huta.

Washegari na goya Lami, na naɗe bindigar a zane na gangara fadama. An yi mini dariya, har da masu barin aikinsu su zo kallo. Na yi ta kuskure. Da na tuna yadda yake cewa in riƙe numfashi, sai hasbiya ta faɗo. Kullum tun asuba ina can har rana ta faɗi. Ba duka na kora ba, sun ci rabonsu, amma sun koyi tsoron gonar, kuma miyarmu ba ta rasa nama ba.

An yanke shinkafa makon jiya. Ta ishe mu, har da ta iri. Maigandi ya zo ran sussuka, ya dubi tsibin, ya dubi bindigar a jingine. Da zai hau jakinsa ya ciro dunƙulen darma daga aljihu ya ba Lami ya ce ta kai wa uwarta. Bai ƙara tayar da waccan magana ba. Ga kwando guda nan na ba Sodangi ya kawo miki, ki dafa ki yi wa mamaci addu'a.

Wurin nan da ya ce bai goge ba, daidai inda kuncina ke kwanciya yake. Sawun magagari na nan da kaushinsa, ya gurje mini fuska har ya bar tabo. Na'Allah ya gani ya ce in kawo ya goge mini, aikin ɗan lokaci ne. Na ce ya bar shi. Nan ne hannunsa ya tsaya.

Ki gaishe da kowa. Allah Ya sada mu da alheri. Haza wassalam.

Taki har kullum,
Zulaihatu